Taimakon Gaggawa a Inda Asibiti ke da Nisa: Misalin Unguwar Gai ta Ƙasar Rano



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne koyar da taimakon gaggawa a karkara, watau abin da ya kamata a yi wa wanda ya ji rauni, ko ciwo ya kama shi farat ɗaya, a wurin da babu likita kuma babu motar da za ta iso da hanzari. Don kada maganar ta tsaya a iska, zan kafa misalina da Unguwar Gai, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kibiya, a ƙasar Rano, kudu da birnin Kano. Dalilin zaɓenta shi ne irinta sun fi yawa a jihar nan. Ƙasar Rano ƙasa ce ta noma da kiwo, mai duwatsu da rafuka, gonaki kan yi nisa da gida, hanyoyin cikin ƙauyuka kuwa kan ɓaci idan damina ta kankama. Wanda ya ji rauni a gona sai an fara fito da shi bakin hanya, sa'an nan a nemi abin hawa zuwa Kibiya ko Babban Asibitin Rano, in abin ya faskara a wuce Kano. Tsakanin faɗuwarsa da zuwansa hannun likita ana iya cin awa biyu, ko huɗu, ko ma dare guda. Abin da ke faruwa cikin waɗannan awoyi, da kuma wanda ke tsaye a kan majiyyacin a cikinsu, shi ne zancenmu.

Taimakon gaggawa irin wanda ake koyarwa a makarantunmu gadonsa daga Turai ne. A shekarar 1877 aka kafa ƙungiyar St John a Ingila, ta riƙa koya wa ma'aikatan jirgin ƙasa da masu haƙar kwal yadda za su agaza wa juna. Ƙungiyar Red Cross kuwa ta samo asali daga abin da Henri Dunant ya gani a fagen yaƙin Solferino a 1859, kuma dokar da ta tabbatar da ita a Nijeriya ta 1960 ce. Ilmi ne mai amfani, babu shakka. Amma littattafan da suka gangaro daga wannan gado an rubuta su ne da zaton cewa motar asibiti na tafe cikin 'yan mintoci, saboda haka kusan kowane darasi kan ƙare da cewa a jira zuwan ma'aikata. A Amurka masu hawan duwatsu da masu yawon daji ne suka fara lura cewa wannan zato ba ya aiki a inda suke zuwa, har aka soma buɗe makarantun koyar da jiyyar daji cikin shekarun 1970, sa'an nan wasu likitoci a Kalifoniya suka kafa ƙungiyar wannan fanni a 1983. Ma'aunin da suka saba amfani da shi shi ne: duk wurin da ya fi tafiyar awa ɗaya zuwa asibiti, daji ne. To, in da wannan ma'auni za a auna mu, manoman kudancin Kano da yawa a daji suke kwana suna tashi. Bambancin kawai shi ne Ba'amurke don nishaɗi ya tafi, da jakar magani a bayansa, namu kuwa neman abinci ya kai shi, da fartanya da goran ruwa.

Nisan nan yana sauya aikin mai taimako gaba ɗaya. Shi zai riƙe majiyyaci na tsawon lokaci, da abin da hannunsa ya samu zai yi aiki, shi ne kuma zai yanke shawarar yadda za a ɗauke shi da inda za a nufa. Akwai kuma wani abu da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba: a ƙauye mai taimako ba ya zuwa hannu sake. Ya riga ya gaji wasu dabaru daga iyaye da kakanni, wasu masu kyau, wasu masu cutarwa, kuma mai koyarwa da bai san su ba ɓata lokacinsa yake yi. Saran maciji ya fi kome bayyana wannan, don haka zan daɗe a kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji kan sari mutum wajen miliyan 5.4 kowace shekara, dafi ya shiga jikin miliyan 1.8 zuwa 2.7 daga cikinsu, mutum 81,000 zuwa 138,000 su mutu. A 2017 ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta ɗau alkawarin rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030. A nan gida, binciken da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 2,000 ke mutuwa a Nijeriya duk shekara ta wannan hanya, fiye da 2,000 kuma su rasa hannu ko ƙafa. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya da yara, kuma saran ya fi yawa lokacin shuka da noma da girbi, watau daidai lokacin da gida ya fi bukatar ƙarfinsu.

Ina so ku sake duban waccan ƙididdiga ta farko. In mutum miliyan 5.4 aka sara, amma waɗanda dafi ya shiga ba su wuce miliyan 2.7 ba, ke nan rabi ko fiye babu abin da zai same su ko da ba a yi musu kome ba. Wani macijin ba shi da dafi, wani kuma yana da shi amma bai zuba ba. Wannan shi ne asirin sunan da masu maganin maciji suka yi. Mai magani ya karɓi mutum goma, biyar ko shida su tashi garau, gari ya ɗauka makarinsa ne ya yi aiki. Waɗanda suka mutu kuwa a ce kwana ne ya ƙare. Shi kansa mai maganin sau da yawa ba yaudara yake yi ba, abin da idonsa ya gani ya gaskata. Wanda ya je ƙauye ya ce da mutane maganinsu ƙarya ne, bai kuwa bayyana musu wannan lissafi ba, ba za a saurare shi ba, kuma a ganina suna da hujja.

Macizan da suka fi yin ɓarna a ƙasashenmu na Arewa kowanne da irin aikin dafinsa. Kasa takan kumbura ƙafa ƙwarai, nama ya ruɓe. Kumurci, wanda ke tofi a ido, kan shiga ɗaki da dare bin ɓera ya sari mai barci, shi ma dafinsa cin nama yake yi. Binciken da aka yi a yankin Malumfashi cikin shekarun 1970 ya nuna a can shi ne kan gaba. Akwai na jinsin gamsheƙa waɗanda dafinsu ke kashe jijiya, fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi ya tsaya. Sai kububuwa, wadda ake yi wa kirari da gobe-da-nisa, 'yar ƙarama amma ita ta fi kowa kisa a ƙasar nan, musamman a ƙasar Gombe da kwarin Binuwai. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda ta sara yana iya tashi ya yi tafiya, ya ci abinci, ya yi hira, alhali jini na tsattsafowa daga dasashinsa da tsohon miki, bayan kwana biyu ko biyar ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa ko ciki. In ba a yi magani ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 kan mutu. Dokta David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1970, shi da abokan aikinsa suka bayyana wannan ciwo dalla-dalla a 1977, suka kuma fito da gwaji mai sauƙi wanda har yanzu duniya ke amfani da shi: a ɗebi jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalba ta gilashi, busasshiya, a ajiye minti 20, a karkata. In jinin ya kwarara, dafi ya shiga, a yi allura. Kowane ƙaramin asibiti na iya yin wannan.

Yanzu ku auna abin da aka saba yi a gona. Ana jin an ce igiyar ƙasa ta taɓa wane, sai a ciro igiyar gaske ko robar taya a ɗaure ƙafa tamau, a kira wanzami ya tsattsaga wurin, a kafa ƙaho ko a tsotsa da baki, a manna baƙin dutse, a ɗura masa jiƙo don ya yi amai. Ɗaurin ba ya tsare dafi, amma yana tsare jini, ƙafar da dafi ya riga ya fara ci sai ta mutu, a kai ga yankewa. Tsaga a jikin wanda jininsa ya daina daskarewa buɗe masa ƙofar zubar jini ne, ga kuma ƙwayar cuta da aska ke shigarwa. Dutsen da tsotson an gwada su, ba su fitar da wani dafin kirki. Aman kuwa, ga wanda maƙogwaronsa ya fara sanyi, yana iya shaƙe shi. Mafi muni duka shi ne awoyin da ake ɓatawa.

Abin da ya kamata a yi kaɗan ne, yaro ma zai iya riƙewa. A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a gaya masa gaskiya cewa mafi yawan waɗanda aka sara suna warkewa. A cire zobe da awarwaro da takalmi tun kumburi bai riƙe su ba. A sa wa ƙafar ko hannun kara ko sanda a naɗe da zane sako-sako, kamar mai karaya, domin motsin tsoka shi ke tura dafi cikin jiki. Saboda wannan dalili kada a bar shi ya taka, a ɗauke shi. In zafi ya dame shi a ba shi farasitamol, amma ban da asfirin da danginsa, don suna ƙara zubar jini. In yana amai ko ya fara suma a kwantar da shi ta gefe. A riƙe lokacin da aka sare shi, a zana iyakar kumburin da biro don likita ya ga yadda yake hawa. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Hoto da waya daga nesa ya isa, in ya samu. Wanda kumurci ya yi wa tofi a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, in babu ruwa ko madara ce a yi da ita, sa'an nan a kai shi a duba idon. Tun ana hanya a buga waya a tambayi inda ake da allurar makarin dafi, domin ita kaɗai ce magani, kuma ba kowace kwalba da ke kasuwa ce ta dace da macizanmu ba. Wadda aka haɗa don macizan Indiya ba ta yin aikin kirki a kan kububuwa. An gwada iri biyu a Kaltungo a kan majiyyata 400, sakamakon ya fito a 2010: EchiTAb G da ake yi a Birtaniya, da EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika. Mai sayen magani na gwamnati ya kamata ya san waɗannan sunaye.

Ɗaurin nan da na hana a saran maciji, akwai inda shi ne ceto, kuma nan ne koyarwa ta haddar ka'ida ke kasawa. Idan gatari ko lauje ko injin casa ya yanke babbar jijiya, jini na tsartuwa, abu na farko shi ne a danna wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ba ɗagawa ba leƙawa, na tsawon minti goma ko fiye. In jinin ya ƙi tsayawa kuma a hannu ne ko ƙafa, to, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a murɗa da ɗan itace har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin, a yi ta gudu. Wanda aka koya wa dalili zai bambance waɗannan hali biyu. Wanda aka ba hadda kawai zai gauraya su. Miki kuwa ruwa mai tsabta da sabulu yake so. Ƙasa da toka da kashin shanu da baƙin mai da ake zubawa su ne hanyar cutar sarƙe-haƙora.

Karaya na da nata masu gida, watau masu ɗori, kuma jama'a sun yarda da su fiye da yadda likitoci ke so su amsa. Likitocin ƙashi sun daɗe suna kuka da yaran da ake kawo musu hannu ya riga ya yi baƙi saboda an matse karan ɗori a kan kumburi. Darasi ɗaya zai rage wannan: bayan ɗori a duba yatsu, in sun yi sanyi, ko sun canja launi, ko mai su ya daina jin su, a kwance nan da nan. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta gida ba ce. Wanda ya faɗo daga kan ɗorawa ko kuka ko giginya yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ƙafafunsa sun mutu, kada a naɗe shi a ɗora a babur. A ciro ƙyaure, mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi a miƙe, ɗaya na riƙe da kai, a sa a amalanke ko bayan a-kori-kura. Mutanenmu na ƙyamar a ɗauki mai rai a kan abin da ya yi kama da makara, wannan kuwa sai liman da dattawa sun sa baki kafin ya gyaru.

Sauran zan taɓa su a gurguje. Ƙuna ruwan sanyi take so na minti 20, ban da ƙwai da man goge baki. Cizon kare a wanke da sabulu minti 15, a tafi neman allura ko da raunin ƙarami ne. Wanda maganin feshi ya bugar a cire masa tufafi a wanke jikinsa, kada a ɗura masa manja, a tafi da kwalbar maganin asibiti. Amai da gudawa kuwa, ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, watau ruwan leda biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Da irin wannan ruwa Dokta Dilip Mahalanabis ya rage mutuwar kwalara a sansanin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya da Bangladash a 1971, daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4, kuma dangin majiyyata ne suka riƙa ɗurawa.

Wa za a koya wa? An saba a tara ma'aikatan lafiya a otal a birni, a yi kwana uku, a raba takardar shaida. Amma ma'aikacin lafiya ba ya gona lokacin da abin ya faru. Ƙasashen da suka koyar da wanda ke wurin sun ga amfaninsa. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyin da aka binne ke tashi da manoma, wasu likitocin Norwe sun horar da ma'aikata 135 da mutanen ƙauye 5,200 tsakanin 1997 da 2001. Mutuwar masu rauni ta sauko daga 40 cikin 100 zuwa wajen 15. A Gana an koya wa direbobin haya 335 darasin awa shida, da zane da sanda maimakon kayan asibiti, da aka bi sawu kuwa aka tarar da yawansu sun yi aiki da shi a kan hanya. Wanda ya fi kama da namu shi ne na kudu maso gabashin Nepal, inda aka wayar da kan ƙauyuka aka kuma shirya masu babura su riƙa kai wanda maciji ya sara asibiti, mutum ɗaya na riƙe da shi a baya. Mutuwa ta faɗo daga 10.5 cikin 100 zuwa 0.5.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Unguwar Gai. 'Yan acaɓa suna nan, kuma su ne motar asibitin karkara ko mun amsa ko ba mu amsa ba. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin su Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, suna da tsari da shugabanci da kaki, kuma jama'a sun saba ganinsu. Ƙungiyar direbobi ta riga ta yi aikin kai mata masu naƙuda asibiti a jihohi irin su Jigawa da Katsina. Ga mafarauta, ga arɗon Fulani, ga malaman firamare da na allo, ga ungozoma wadda ke shiga inda namiji ba ya shiga. Wanzami da mai ɗori da mai maganin maciji su ma a gayyace su, a zaunar da su a gaba. Wurinsu ake fara zuwa, kuma kalmarsu ɗaya ta cewa a wuce asibiti ta fi lacca goma irin tawa.

Koyarwar kuwa da Hausa za a yi ta, da Fulatanci inda ya kamata, a gindin bishiya ko filin makaranta, da rani bayan an kai amfanin gona gida, a kuma maimaita kafin ruwan shuka, domin hannu kan manta abin da bai yi ba cikin shekara. A rage magana a yawaita gwaji: kowa ya danna miki, ya naɗe ƙafa da rawani da karan dawa, ya haɗa gadon ɗauka da sanduna biyu da buhu, ya hau babur su uku ya ji yadda ake tallafe wanda ba ya iya zama. A haɗa da rigakafi, don mafi yawan sara a ƙafa ne: takalmin roba mai tsawo a gona, tocila da dare, gidan sauro a cusa ƙarƙashin shimfiɗa, a kuma nisanta rumbu da tarin itace daga ɗakin kwana.

Ma'aikatan gwamnati, naku kason ya fi na kowa nauyi, domin in aka koya wa mutane su garzaya asibiti suka je suka tarar babu allura, ba za su sake zuwa ba, kuma za su gaya wa maƙwabta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar gaggawa, ta kuma keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jiyyar gaggawa. Ya kamata mai taimako ya san wannan, don tsoron a riƙe shi a ce ya biya, ko a tuhume shi, na cikin abin da ke sa mutane su tsaya kallo. Sa'an nan akwai maganar ƙididdiga. Wanda ya mutu a gona ko a gidan mai magani ba ya shiga rajistar kowa, mai tsara kasafi kuwa abin da ke rubuce yake saya wa magani. Littafi ɗaya a hannun mai unguwa ko dagaci, a rubuta rana, da irin raunin, da awa nawa aka ɗauka kafin a isa asibiti, da yadda aka ƙare, a riƙa kai shi ofishin lafiya na Kibiya duk wata. Ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kansa, damina biyu na irin wannan littafi sun ishe ku rubuta kundi.